Rabin Littafin Malam Ayuba

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif, a wannan wata da ake haƙar citta, tun da muka kai maigidana Malam Ayuba makwancinsa a gindin dutsen Kagoro. Kowace shekara 'ya'yanmu ne ke sa hotonsa a jarida da 'yar aya a ƙasa. Bana na ce su bar mini filin, ni ma in faɗi tawa. Rahila, babbar 'yarmu, ta ce, "Mama, ke da ba ki iya gajeren zance ba, jaridar mutane za ta ishe ki?" Na ce in ba ta isa ba su ƙaro takarda. Karatuna aji uku ne, sai ɗan abin da na ƙara a ajin manya na zumuntar mata, don haka masu ilimi ku yi haƙuri da ni. Amma kunne kam Allah ya ba ni. Abin da ya shiga sau ɗaya ba ya fita. Da ina taƙama da wannan baiwa. Yanzu ban tabbata baiwa ba ce.

Malam ticha ne na firamare, shekara talatin da biyar yana cin ƙurar alli. Waɗanda ya koyar sun san shi da abu biyu: ba ya duka sai ya gaya maka dalili, kuma ranar Juma'a in an gama lissafi da wuri yakan ba da labarin wani kyaftin na sojan ruwan Ingila. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba, ruwan da ya fi sani shi ne mai zubowa daga dutse a Matsirga, amma in ya fara maganar igiyar ruwa sai ka ɗaga ƙafa kada ka jiƙe.

Labarin daga littafi ya samo shi, kuma littafin rabi ne. Lokacin da suke yara a makarantar mishan, shi da abokinsa Bitrus suka yi kunnen doki a jarrabawar ƙarshen shekara. Baturiyar da ke koya musu tana shirin komawa ƙasarsu, kyauta ɗaya ta rage mata, wani tsohon littafi da bayansa ya riga ya tsage. Ta sa reza ta yanke zaren tsakiya, ta ba Ayuba rabin farko, ta ba Bitrus na ƙarshe, ta ce in an dawo hutu su yi musanya. Kafin hutu ya ƙare aka yi wa uban Bitrus, ma'aikacin reluwe, canji zuwa wata tasha mai nisa. Ya tafi da iyalinsa, rabin littafi ya bi su a akwati.

Ni a bakin Malam na ji komai, da Hausa, muna zaune a tsakar gida da la'asar muna tsaga citta don shanya. Sunan kyaftin ɗin ya faɗa mini sau biyu farkon aurenmu, na yi dariya na ce wannan ai atishawa ce, ba suna ba. Daga nan muka sa masa Mai Tabo, saboda a hotonsa na shafin farko akwai wani tabo daga kunci zuwa haɓa.

Zamanin da jirgin ruwa ba shi da inji ne, iska ke tura shi. Dogayen itatuwa uku a tsaye a tsakiyarsa, an ɗaura musu manyan ƙyallaye kamar an shanya zannuwan gari guda. In iska ta ɗauke, ko sarkin ƙasar ne a ciki sai ya zauna ya jira. Mai Tabo ɗan talaka ne, yana da shekara goma sha biyu aka miƙa shi jirgi. Ya ci busasshen burodi da sai an ƙwanƙwasa shi a tebur ƙwari sun fita, ya ci naman gishiri da ya shekara a ganga, ya hau saman itacen nan cikin hadari ƙafa ba takalmi. Ya ci jarrabawa ya zama ƙaramin hafsa, ya daɗe a nan har furfura ta fara, domin ba shi da wanda zai yi masa magana a sama. In an yi sulhu babu yaƙi, sai a sauke shi tudu da rabin albashi, ya riƙa zarya ofishin manya yana roƙon jirgi. Tabon ma ba na takobi ba ne. Harsashin igwa ne ya daki katako, tsagin katakon ya yanke shi.

Ranar da aka ba shi kyaftin, sai aka rubuta sunansa a jerin kyaftin-kyaftin kwana ɗaya bayan wani ɗan babban gida, wanda muka sa wa Ɗan Gata. Malam ya ce al'adarsu ita ce, in ka shiga jerin nan babu tsallake. Ko ka kama jirgin abokan gaba ɗari, wanda ya riga ka da kwana ɗaya shi ne gabanka har abada. Mutuwa kaɗai ke matsar da mutum sama. Duk lokacin da ya zo nan a labari sai ya ajiye wuƙa ya ɗaga yatsa ɗaya. "Kwana ɗaya fa, Hanatu. Kwana ɗaya!"

To, aka tura su biyun tare, Ɗan Gata na shugabanta, suka gamu da jiragen Faransa. Dokar yaƙinsu ita ce jirage su jeru kamar masu noman gayya, kowa ya tsare kunyarsa, umarni kuwa da tuta ake bayarwa. Hayaƙin igwa ya rufe ko'ina, Mai Tabo bai ga tuta ba, abin da ya gani shi ne babban jirgin abokan gaba yana sulalewa. Ya fice daga layi ba izini, ya bi shi, ya kama shi bayan ya rasa mutanensa da dama. Ɗan Gata yana can nesa yana kallo da madubin hange. Amma wata al'adarsu kuma, duk jirgin da ido ke iya hangowa lokacin da aka yi kamu, da shi za a raba ganima. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗan Gata bai tsaya nan ba. Shi ne babba, shi ke rubuta rahoto, kuma a rahoton bai ambaci wanda ya yi kamun ba sai a layi ɗaya, inda ya ce wani kyaftin ya bar wurinsa ba umarni.

Aka kafa kotun soja a cikin wani jirgi a tashar ruwa. Aka karɓi takobin Mai Tabo aka ajiye a kan tebur, aka ce ya fita ya jira. Al'adar kotun, in an kira ka ka dawo, ba sai kowa ya yi magana ba. In mariƙin takobi ne ke fuskantarka, an wanke ka. In tsinin ne, ka shiga uku. Mai Tabo yana ta kai da kawowa a saman jirgi, ana yayyafi, sai wani soja ya hau ya ce ana kiransa. A nan rezar Baturiya ta bi. Shafin ma a tsakiyar jimla ya ƙare.

Akwai wata Bafulatana, Inna Hajo, da ke kawo mana nono daga rugarsu ta hanyar Kagoma. In ta tarar ana labarin sai ta sauke ƙwarya ta zauna. Wata rana da aka kai ƙarshe ta ce, "Malam, in ɗana ya bar garke ya bi saniya ɗaya cikin daji, ko ya kamo ta, sai na fara tambayarsa wa ya bar wa sauran."

Malam ya ce, "Haba Inna, ke ma bayan Ɗan Gata kika bi?"

Ta ce, "Ni ban bi bayan kowa ba. Ban dai ji ta bakinsa ba."

Ni na fi Malam jin haushin maganar. Ranar ban sayi man shanunta ba.

Yanzu ku ji inda labarin ya fito daga takarda ya shigo gidanmu. Shekarar da aka yi aurenmu, aka buɗe wata ƙaramar makaranta a ƙauye, aka turo sababbin malamai biyu. Wa za a turo in ba Ayuba da Bitrus ba? Suka rungume juna a bakin titi kamar yara. Takardar ɗaukar aikin Bitrus ta riga ta Malam da kwana tara, don haka shi aka ba hedimasta. Malam bai damu ba a lokacin, har tsokanarsa yake yi da Ɗan Gata, shi kuwa bai san ma'anar ba tunda bai karanta farkon ba. Bitrus ya ce rabinsa na akwatin mahaifinsa, in ya je Kirsimeti zai zo da shi.

Cikin damina iska ta yaye rufin aji biyu, ranar Bitrus ya tafi taro. Malam bai jira kowa ba. Ya rufe makaranta kwana uku, ya kira gayya, iyaye suka zo da katako da kwano, mu mata muka dafa kunu da pate, aka rufe azuzuwa kafin ruwa ya cinye bangon. Da sufeto ya zo ya ga aiki ya yaba. Rahoton da ya tafi ofis, hedimasta ne ya rubuta. Wata guda bayan nan takarda biyu suka zo: ta yabo ga Bitrus, ta tuhuma ga Malam, wai da izinin wa ya rufe makarantar gwamnati. Aka cilla shi wata makaranta can cikin daji, inda sai an tuɓe takalmi an ƙetare rafi biyu.

Malam ya ji zafi, amma irin zafin da ke hucewa ne. Na san shi. Da an bar shi, da wata uku ya isa. Ni ce ban bar shi ba. A wurin injin niƙa na ji matar Bitrus, marigayiya Saratu, tana ce wa wata, "Mai ɗaukar kwano ai ba shi ne mai makaranta ba." Ƙarar inji ba ta hana kunnen nan nawa ji ba. Na kawo maganar gida da zafinta, na ƙara mata gishiri da barkono. Magana zarar bunu ce, an ce, amma ni ban zara kawai ba, har wuta na sa.

Bayan Kirsimeti Bitrus ya zo gidanmu a kan kekensa, da wani abu naɗe cikin jarida a hammata. Malam yana bayan gida yana gyaran rumbu, ina jin ƙarar gudumarsa, shi ma baƙon yana ji. Na tsaya a bakin ƙofa na ce Malam ba ya nan. Ya dube ni, ya dubi wajen da ƙarar ke fitowa, ya ce, "To amarya, ki ce na zo." Ban ce ba. Har yau ban san abin da ke cikin jaridar ba, amma kauri da faɗinsa na sani.

Shekara arba'in suka wuce a haka. Bitrus ya yi ta hawa, sufeto, babban jami'i, gidan bulo a Kafanchan. Malam ya yi ritaya da kekensa da fansho mai zuwa in ya ga dama. Da muka dawo gari, a ikilisiya ɗaya muke sujada da Bitrus, shi a dama, mu a hagu. In an fito, "Sannu Malam." "Sannu Malam." Shi ke nan. Fasto uku suka gwada shiryawa, kowa cikin su biyun ya ce ai babu komai. Faɗan da aka ce babu shi kuwa, ta ina za a raba? Wani lokaci in Malam ya gama ba jikoki labari sai su ce, "Kaka, to takobin fa?" Ya ce, "Amsar na gidan wani." In ce masa, "Ka roƙe shi mana, tunda kai ba ka da zuciya." Da baƙar magana nake faɗa, don kada ya je. Kuma bai je ba.

Da ciwon ƙarshe ya kwantar da shi, likita ya ce mu koma gida mu yi ta addu'a. Wata Talata da hantsi ina ba shi kunu, ya ture kofin ya ce, "Hanatu, ki je gidan Bitrus. Ki ce ina gaisuwa. Ki ce ba littafin nake so ba, idona ba ya gani. Ya gaya miki kawai, mariƙi ne ko tsini. In ya ga zai iya zuwa da kansa, ƙofa a buɗe take."

Na ɗaura zane na hau mashin. Na sauka a bakin get ɗin su Bitrus, baƙin ƙarfe mai fenti sabo. Ina jin rediyo a ciki, ina jin muryarsa yana kiran wani ya kawo masa ruwa. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai na ga kaina a tsaye a ɗaya gefen ƙofa shekara arba'in baya, ina cewa Malam ba ya nan. In ya buɗe, abin da zai fara tunawa ke nan. In kuma ya biyo ni gida suka zauna su biyu, zancen naɗin jarida zai fito, Malam zai san wadda ta tsare ƙofa. Na sauke hannu. Na je kasuwa na zauna a rumfar wata ƙawata na awa guda, sannan na koma gida.

Ya ji shigowata ya ce, "Yaya?"

Na ce, "Mariƙi ne. An wanke shi. Har ya zama babban kwamandan ruwa, Ɗan Gata ya zo ya roƙe shi gafara."

"Bitrus ne ya faɗa da bakinsa?"

"Da bakinsa."

"Bai ce zai zo ba?"

"Ƙafa ke damunsa. Ya ce in ya ji sauƙi."

Ya gyara kwanciya. Sannan ya ce, "To, madalla." Can kuma, yana kallon bango, ya ce, "Hanatu, kin iya ba da labari." Shekara goma sha ɗaya ina juya wannan magana kamar waina a tanda. Wata rana in ji ta yabo ce, wata rana in ji ya gane ni sarai ya rufa mini asiri. Kwana biyar bayan nan ya cika. A cikin kwanakin, duk ƙarar mota da ta tsaya a layinmu sai ya juya kai wajen ƙofa.

Ranar jana'iza, kafin a rufe akwati, na ɗauko rabin littafin daga ƙarƙashin matashinsa na sa masa a ƙirji tare da littafin waƙoƙinsa. Mutane suka ce dubi ƙauna. Akwai ƙauna a ciki, ban musa ba, amma akwai kuma son in daina ganinsa. Ban yi tunanin cewa sunan Mai Tabo na gaskiya nake binnewa ba. Bitrus ya zo, ya zauna can baya. Da ya zo yi mini ta'aziyya ya ce, "Maman Rahila, ba wanda ya gaya mini ciwon ya kai haka." Na sunkuyar da kai na ce, "Ikon Allah ne."

Nakan tambayi kaina, da Malam zai leƙo yau, me zai ce? Jirgin ƙasa da muke saita agogo da kukansa ya yi shiru, ciyawa ta rufe dogo. Cittar da ta biya wa yaranmu makaranta, cuta ta shiga ta ruɓe a ƙasa, manoma suna kallo ba yadda za su yi. Inna Hajo ta daina zuwa tun da tashin hankali ya raba hanyoyi, ban san ko tana raye ba, ban kuma san wanda zan tambaya ba tare da an dube ni wani iri ba. Ina jin da zai ce mun zama jirgin da iska ta ɗauke wa, ga ƙyallaye a ɗaure, ga mutane a shirye, amma ba motsi. Abin da zai fi ba shi mamaki shi ne waya. Ɗanmu Danjuma ya ce mini yanzu babu littafin da ba a samu a ciki. Ya zauna da ni yini guda yana dannawa. "Mama, sunan kyaftin kawai nake so, ko sunan jirgin." Na ce Mai Tabo. Ya ce, "Mama, waya ba ta san Mai Tabo ba." Ya nemo masu tabo da masu kotu har guda nawa, yana karanta mini, babu wanda ya yi daidai da namu. Kunnen da ya riƙe maganar injin niƙa shekara hamsin, bai riƙe suna ɗaya da aka faɗa masa sau biyu ba.

Watan jiya a sujada aka sa sunan Baba Bitrus cikin masu neman addu'a. Ni kuma kunnen hagu ya fara tafiya, na dama na bin sa a hankali. Na ce in ban je yanzu ba, ko ya faɗa ba zan ji ba. Na je. Fentin get ya koɗe. Wannan karon na ƙwanƙwasa.

'Yarsa Ladi ce ta buɗe, ita ke jinyarsa. Ta ce, "Mama, sannu da zuwa. Sai dai kada ki damu in bai gane ki ba, jiya ni ma ya tambaye ni ko ni 'yar wa ce." Tun a tsakar gida na tambaye ta takardunsa. Ta ce shekarun baya rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo ba a lura ba, ruwa da gara suka gama da akwatuna biyu, aka kwashe da shebur aka ƙone. Ba ta taɓa jin zancen wani rabin littafi ba.

Yana zaune a baranda cikin rigar sanyi, ya ƙanƙance kamar an wanke shi ya shige. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ce Hanatu matar Ayuba. Fuskarsa ta washe.

"Ayuba! Ina yake, ɗan banzan nan? Hutu ya ƙare tun yaushe, bai kawo mini rabinsa ba."

Ladi ta buɗe baki za ta gyara masa, na riƙe hannunta. Na ce, "Baba, na zo ne in roƙe ka gafara. Ranar da ka zo da keke, yana gida. Kuma da yake kwance ya aiko ni wurinka, na zo har ƙofar nan na juya." Na faɗa duka, ban rage ba. Yana ta gyaɗa kai yana murmushi. Da na gama ya ce, "Ba komai, ba komai, yarinya. Ki gaishe shi." Irin yafewar da ake yi wa wanda ya taka maka ƙafa a kasuwa. Na karɓa don ba ni da wata, amma na san ba ta biya ba.

Sai na ce masa Ayuba ya aiko da rabinsa, amma a bakina yake. Ya gyara zama kamar ɗan aji ɗaya. Na fara tun daga yaro ɗan shekara goma sha biyu da burodi mai ƙwari. Na ba shi yadda Malam ke bayarwa, da inda yake ɗaga murya da inda yake ɗaga yatsa. Da na zo kan jerin sunaye da kwana ɗaya, ya ce, "Kai, wannan zalunci ne!" Da na zo kan rahoto, ya buga hannun kujera ya ce, "Mutumin banza! Ya cire sunansa?" Ladi ta bar wankinta ta zo ta tsaya. Na kai Mai Tabo saman jirgi cikin yayyafi, takobinsa na kan tebur, soja ya hau ya ce ana kiransa. Na tsaya. Na zuba masa ido, na juya masa kunnen da ya rage mini.

Ya matso gaba, idonsa na ƙyalli, ya ce, "To, sai aka yi yaya?"

Ƙaryar nan tana nan a bakina, a shirye, na taɓa gwada ta ta yi aiki. Da na faɗa da ya yi murna. Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ya ce, "Ayya. Ki tambayi Ayuba, shi ya fi ni karatu."

Me ya rage na Malam Ayuba? Azuzuwan da ya rufa an rushe su an gina wasu, ba sunansa a ko'ina, kuma ba na jin ya taɓa son a sa. Akwai dattawa masu furfura da ke tare ni a kasuwa su ce, "Mama, mu ne 'yan ajin Juma'a," har wani direban bas ya ƙi karɓar kuɗina daga Kagoro don ya tuna yadda ake jera jirage. Akwai haƙurinsa, wanda na ɗauka rashin zuciya ne. Shi ne ya fara aika gaisuwa, yana kwance, bayan shi aka zalunta. Wannan nasa ne, ba wanda zai ƙwace, ko da yake saƙon a hannuna ya mutu. Abin da ban iya gyarawa ba shi ne ya tafi yana zaton ya miƙa hannu abokinsa ya ce ƙafa na ciwo. 'Ya'yana a wannan shafin za su fara jin haka, kuma ban san da wace fuska za su zo Kirsimeti ba. Masu karatu, in akwai wanda ya taɓa gamuwa da labarin kyaftin mai tabo a kunci da aka kai kotu don ya bar layi, ba sai ya neme ni ba. Wanda ya yi tambayar ba ya nan, wanda ya san amsar ya manta. Ni dai jikoki in sun ce in ba su labari ina bayarwa, kuma inda reza ta bi, nan nake tsayawa.